Yadda na rabu da ciwon kan sabon kabad

Tun da na saka sabon tebur da kabad na matsattsen katako a ɗakin da nake aiki, idona ya riƙa yi mini yaji, kaina ya yi nauyi, in karanta sakin layi in kasa riƙe abin da ya ƙunsa. Da zarar na fita waje sai in ji sauƙi, a nan na gane matsalar tana cikin iskar ɗakin.

Irin wannan katako ana haɗa shi ne da gam mai sinadarin formaldehyde, wanda ke fita a hankali tsawon watanni, kuma zafi da laima suna ƙara masa fitowa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki. Binciken Jami'ar Harvard na 2015 ma ya nuna ma'aikata sun fi kaifin tunani a ofis mai ƙarancin irin wannan tururi.

Na zare aljihunan kabad ɗin na ajiye su a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Gefunan da ba a rufe ba, inda ake ganin garin katakon, nan warin ya fi tashi, sai na shafe su da varnish mai ruwa, wato man sheƙin katako. Na buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, na sa fanka tana hura iska waje. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta taimaka, domin iskar cikin take juyawa. Feshin ƙamshi kuwa na daina gaba ɗaya, shi ma sinadari yake ƙarawa.

Yanzu ina wuni a ɗakin ba ciwon kai.