Yadda Ake Gane Laifin Tafiya da Ƙwallo a Wasan Kwandon Jami'o'in Amurka

Duk shekara idan watan Maris ya kama, gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka takan hana wasunmu barci, kuma da wuya a wayi gari ba a yi gardama kan wani busa ba: ɗan wasa ya yi tafiya da ƙwallo, wato ya taka da ita a hannu fiye da yadda doka ta yarda, ko bai yi ba? Yawancin masu gardamar taku suke ƙirgawa, alhali dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, a kan ƙafa ɗaya ta rataya. Ga yadda nake bi in tantance kafin in ɗora wa alƙalin wasa laifi.

Da farko ka san dokar da ake wasan da ita. Mu a Najeriya da Nijar dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muka saba da ita, wadda tun 2017 ta rubuta ƙarara cewa ƙafar da ke ƙasa a lokacin da mai gudu yake tattaro ƙwallo ba ta shiga lissafi, sai taku biyu da suka biyo baya. NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ita ma ta fayyace irin wannan a 2019. Littafin NCAA na maza kuwa ya ginu ne a kan ƙafar da ɗan wasa ya kafe da ita. Don haka abin da ya wuce lafiya a NBA ana iya hura masa usur a wasan jami'a.

Mataki na biyu, ka nemo daidai lokacin da ƙwallo ta zauna a hannu. Muddin ɗan wasa yana buga ta a ƙasa, ko tana suɓuce masa bai mallake ta ba, babu zancen tafiya ko da taku nawa ya yi. Lissafi yana farawa ne daga sanda ya riƙe ta da hannu biyu, ko ya tallafe ta ta tsaya a tafinsa. A nan ne gardama ta fi yawa, domin tsakanin "yana bugawa" da "ya riƙe" ƙiftawar ido ce. Idan kana da bidiyon a YouTube, ka rage gudunsa zuwa 0.25, ko ka tsayar da shi a kwamfuta ka riƙa danna madannin waƙafi da na aya, hoton zai riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

Na uku shi ne zuciyar aikin: ka gano ƙafar da ni nake kira turke. Idan ya cafe ƙwallo ƙafafunsa biyu suna ƙasa, yana da zaɓi. Da ya ɗaga ɗaya, ɗayar ta zama turke. Idan a sama ya cafe ya sauka da ƙafa ɗaya sannan ɗayar ta biyo, wadda ta fara taɓa ƙasa ita ce turke. Idan ya sauka da biyu a tare, kowacce za ta iya zama. Akwai kuma wadda ke rikita mutane: ya sauka da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle da ita, ya diro da biyu a tare. Wannan halal ne, amma daga nan ba shi da turke, ba zai juya a kan kowacce ba.

Da ka gano turke, ka cire idonka daga ƙwallo ka kafa shi a kan wannan takalmin. Ɗan wasa zai iya ɗaga turke don ya yi jifa ko ya miƙa wa abokinsa, da sharaɗin ƙwallo ta bar hannunsa kafin ƙafar ta sake taɓa ƙasa. In kuwa bugawa a ƙasa zai fara, dole ƙwallo ta bar hannu kafin turke ya ɗaga. Jan turke a ƙasa ma laifi ne. Ka kalli wasan ƙarshe na gasar NCAA ta 1993 a New Orleans: Chris Webber na jami'ar Michigan ya cafe ƙwallo saura kusan daƙiƙa 20, North Carolina na gaba da 73 da 71, ya yi kamar zai miƙa, ya fasa, ya ja ƙafarsa kafin ya fara bugawa. Mutanen bencin North Carolina suka miƙe suna nuni, usur bai yi ƙara ba. Kowa ya fi tuna hutun tsayar da wasa da ya nema alhali Michigan sun ƙarar da nasu, amma tafiyar ce ta fara faruwa.

Daga nan ka tambayi kanka inda alƙalin yake tsaye. Su uku ne a fili, kowa da yankinsa, kuma wanda ke kusa sau da yawa idonsa yana kan hannuwa da ƙirji yana neman ture ko duka, ga jikin mai tsaro ya tare masa ƙafafu. Ba shi da damar komawa talabijin ɗin gefen fili don duba tafiya. Ko damar ƙalubalantar hukunci da aka ba masu horarwa a 2025 ba ta haɗa da ita ba. Kuskuren da sai ka rage gudun bidiyo sau huɗu ka gan shi, a ganina bai kai a kira mutum maras ƙwarewa ba.

Akwai dai kuskuren da ba ya bukatar bidiyo, kuma shi ne ke ɓata mini rai. A gasar rukunin jami'o'i na Big East ta 2011 a filin Madison Square Garden da ke New York, a wasansu da Rutgers, Justin Brownlee na St. John's ya riƙe ƙwallo ya taka da ita, ya taka layin waje saura daƙiƙa 1.7, ya wurga ta cikin 'yan kallo. Alƙalan suka bar fili ba busa, Rutgers ta sha kashi da 65 da 63 ba tare da an ba ta damarta ta ƙarshe ba. Hukumar gasar ta amsa cewa an yi kuskure, kuma washegari alƙalan uku suka janye daga sauran wasannin.