Kurakuran da ake yi wajen kallon Louise Brooks

Yawancin masu cewa suna son Louise Brooks, jarumar finafinai marasa magana, hotonta kawai suka sani: baƙin gashi mai sheƙi da aka yanke daidai kumatu, na goshi ya sauko har gira. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi ba ni takaici. Ba ita ta ƙirƙiro wannan askin ba, 'yar rawa Irene Castle ta riga ta gajarta gashi tun wajen 1915. Abin da ya sa ake maganar Brooks har yau yana cikin motsinta, hoto kuwa ba ya motsi. A nemi fim ɗinta na 1929 da aka yi a Jamus, Pandora's Box, wato Akwatin Pandora, a zauna a kalla tun daga farko.

Da an fara kallo sai a faɗa kuskure na biyu, a ce ai matar nan ba ta yin komai. Masu sharhi a Balin sun faɗi haka tun a lokacin, domin sun saba da jarumai masu zare ido da dafe ƙirji. Ita kuwa 'yar rawa ce kafin ta shiga fim. Ta shiga ƙungiyar rawa ta Denishawn a 1922 tana 'yar shekara 15, saboda haka da wuya da kafaɗa take magana. A duba wurin da Lulu, wato matar da Brooks ta fito a matsayinta, ta tayar da rigima a bayan dandali, tana kuka tana shure-shure, har masoyinta Dakta Schön ya rungume ta. Ana buɗe ƙofa sai ga budurwar da zai aura tsaye. Lulu ta ɗago kai a hankali, ta yi ɗan murmushin wadda ta ci nasara. Ba a sa rubutun bayani mai tsawo ba, fuskar ta gama zancen. Wanda idonsa ke kan waya a wannan daƙiƙar ya yi asarar fim ɗin, don haka a ajiye wayar, a kalla a babban allo idan da hali.

Akwai laifin da na kwafin ne. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, sau da yawa ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin fim mai sauti. Idan aka haska tsohon fim da wannan saurin, sai mutane su riƙa tafiya kamar ana korarsu, taushin motsinta ya ɓace. Ga kuma almakashin masu tace finafinai: a kwafin da aka nuna a Amurka har ƙarshen labarin aka sauya. A nemi kwafin da aka gyara, wanda ya haura awa biyu. Kada kuma a kashe kiɗan. Finafinan nan ba su da magana, amma da makaɗa ake nuna su a silima.

Wasu na ɗauka Bajamushiya ce. A Cherryvale ta jihar Kansas aka haife ta a 1906. Darakta G. W. Pabst ne ya ɗauko ta zuwa Jamus bayan ya gan ta a fim ɗin A Girl in Every Port.

Sai batun muryarta. Ana yawan cewa zuwan sauti ne ya kashe mata kasuwa don muryarta ba ta da daɗi. Abin da ya faru shi ne kamfanin Paramount ya nemi ta dawo ta ɗora murya a kan fim ɗin The Canary Murder Case, ta ƙi, aka sa Margaret Livingston ta yi. Daga nan ƙofofi suka fara rufewa. Fim ɗinta na ƙarshe na kaboyi ne tare da John Wayne a 1938, daga baya har aikin sayar da kaya ta yi a wani kanti a New York.

Kada kuma a zaci ɗaukakar da take da ita yanzu tun tana ganiyarta ta same ta. Henri Langlois, mai adana tsofaffin finafinai a Faransa, shi ne ya farfaɗo da sunanta a baje kolin tarihin silima da ya shirya a Paris a 1955, James Card na gidan adana finafinai na George Eastman ya jawo ta zuwa Rochester. A can ta zauna tana rubutu, ta fitar da littafinta Lulu in Hollywood a 1982, shekara uku kafin rasuwarta. Wanda ya gama Akwatin Pandora ya bi da Diary of a Lost Girl, wanda ta yi da Pabst a shekarar 1929 ɗin, sannan ya karanta littafin.