Daga Gusau Zuwa Gashaka Da Mambila: Shirin Mota Da Na Hanya

Wanda ya saba tuƙi tsakanin Gusau da Talatar Mafara bai san hawan dutse ba, domin hanyoyinmu shimfiɗaɗɗu ne. Tafiyar nan kuwa tsaunuka ne ƙarshenta, saboda haka shiri daga wurin bakanike yake farawa. A sa sabon man birki, a duba takalman birki, fanbel da lagireto. A ɗauki safaya mai lafiya, jak, jarkar ruwa da ta fetur.

A ba hanyar kwana biyu zuwa uku. Gusau zuwa Tsafe, Funtuwa, Zariya, Jos, Bauci, Gombe, Numan, Jalingo. Tsakanin Gusau da Funtuwa da rana tsaka ake bi, cikin ayarin motoci, bayan an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar. Haka ma a Jalingo, a tambayi lafiyar gadoji kafin a kama hanyar Bali zuwa Serti. Daga Disamba zuwa Maris ya fi dacewa, lokacin rafuka sun janye.

A Serti ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a Nijeriya. Nan ake karɓar izini da ɗan rakiya, kuma ba a shiga sai da shi. A fita da asuba in ana son ganin bika, mazo, gada da ɓauna, dorina kuma a bakin kogin Mayo Kam. Kada a miƙa wa biri abinci, kada a tsaya tsakanin dorina da ruwa. Ƙudan tsando na bin baƙin tufafi da shuɗi, a sa riga mai haske mai dogon hannu. Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, da ƙafa ake hawansa, ba da mota ba.

Daga Mayo Selbe, gaba da Serti, ake fara hawan tsaunin Mambila zuwa Nguroje da Gembu. A shiga giya ta biyu tun daga gindin dutsen, a kashe na'urar sanyi, a danna oda a kowace kwana. In allurar zafi ta ɗaga, a raɓe a tsaya, a sa dutse bayan taya. Kada a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce, tafasasshen ruwa ne zai watso wa mutum a fuska.

Saukowa ta fi hawa hatsari. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki bai ɗaga ba, takalman za su yi zafi har man ya tafasa, sai a ji ƙauri, a taka birki ya tafi ƙasa ba kamu. Da giyar da aka hau da ita ake sauka, injin ne zai riƙe motar. A taka birki da ƙarfi, a saki, a sake takawa. Sakin mota a firi don tattalin mai ganganci ne da rai. In hazo ya rufe hanya, a kunna ƙaramar fitila, ko a jira ya yaye.

Bargo da rigar sanyi dole ne, don daren Gembu sai mutum ya ga hucin bakinsa.