Yadda ake gano tarihin tsohuwar cocin ƙauyen kan tsauni daga jikin gininta

Ƙananan coci-coci na ƙauyukan kan tsauni ba kasafai suke da cikakkun takardu ba, don haka bangon ne babban shaida. Kayan aikin kaɗan ne: tef ɗin awo, kamfas, tocila da takardar zane. A nemi izinin mai kula da wurin tukuna.

A fara daga waje. A tsofaffin coci-cocin Turai bagadi yakan fuskanci gabas. Idan kamfas ya nuna akasin haka, ko dai gangaren dutsen ne ya tilasta wa magina, ko an juya ginin daga baya. Sai a auna kaurin bango ta bakin ƙofa da taga. Bango mai kaurin kusan mita ɗaya, da ƙananan tagogi masu baka (wato lanƙwasar saman taga) zagayayye, alamar ginin ƙarni na 11 da na 12 ne, kamar cocin Sant Climent da ke Taüll a tsaunukan Pirenis na Sifaniya, wadda aka keɓe a 1123. Baka mai tsini daga baya ya zo.

Inda aikin yake shi ne mahaɗar bango. Duwatsun da aka ɗora lokaci guda suna shiga juna. Idan aka ga layi miƙaƙƙe daga ƙasa har sama, duwatsun ba su sarƙe ba, to ɓangare ɗaya ƙari ne, kuma wanda ya jingina da ɗan'uwansa shi ne sabo. Hasumiyar ƙararrawa da ɗakin ajiyar tufafin limami nan suka fi tona kansu. A duba ƙofofin da aka toshe, da tabon tsohon rufi a jikin hasumiya, da wurin da girman dutse ya sauya. Kowanne a sa shi a zane.

Shekarar da aka sassaƙa a saman ƙofa tana yaudarar mutane da yawa, domin sau tari shekarar gyara ce. Katakon rufi ya fi ta gaskiya: masana na gwada faɗin zobban shekara-shekara na cikin itacen da na itatuwan da aka san shekarunsu, su faɗi shekarar da aka sare shi, muddin zoben ƙarshe na ƙarƙashin ɓawo yana nan. Ko a nan a lura da ramukan jikin katakon da ba su riƙe komai, alamar an ɗauko katakon daga wani tsohon gini.

A ciki, a kwantar da hasken tocila a jikin bango. Tudu da kwarin shafe za su fito, wani lokaci har da zane a ƙarƙashin farar ƙasa. Kada a kankare ko kaɗan, aikin ƙwararru ne.

Bayan haka a koma ga rajista. Taron Trent, babban taron shugabannin Katolika, ya wajabta wa cocin Katolika rubuta baftisma da aure a 1563, kuma limamai kan rubuta labarin gobara ko sabon rufi a gefen shafi.

Idan aka ga an like tsakanin duwatsu da siminti, a sanar da masu kula. Siminti yana tsare danshi, ruwa kuma in ya daskare girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai fuskar dutsen ta ɓantare. Abin da ya dace shi ne kwaɓin farar ƙasa, awo ɗaya da yashi awo uku, a shafa kafin sanyi ya shigo.