Yadda Ake Zaɓen Unguwar Zama Kusa da Sabuwar Makarantar Yaro

Duk shekara idan Satumba ta ƙarato, magidanta da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa sukan shiga tunani iri ɗaya. Yaro ya gama aji shida, an ba shi gurbi a ƙaramar sakandare, amma makarantar tana can cikin gari, Ringim ko Gaya ko Dambatta, nisan da ƙafa ba za ta jure kullum ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi ne, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Sai dai kai yaro bakin ƙofar makaranta aikin uba ne. Wani yakan miƙa yaron gidan ɗan'uwa, wani kuma ya kama haya ya kwaso iyali, musamman idan 'ya mace ce. Da mai kama hayar nake magana.

Da farko, ka taka hanyar da ƙafarka. Kada ka auna nisa kana kan babur, domin abin da babur ke cinyewa cikin minti biyar, ɗan shekara goma sha biyu mai jaka a baya sai ya yi rabin awa yana fama da shi. Ka ɗauki yaron, ku fito daga ƙofar gidan da aka nuna maka da misalin ƙarfe bakwai na safe, ku tafi da irin tafiyarsa. Ku sake takawa da azahar, lokacin da ake tashi, rana tana tsakar ka. A ganina, tafiyar da ta wuce minti ashirin da biyar ta yi yawa. In kuwa ka ce ai ɗan acaba zai riƙa kai shi, to zauna ka yi lissafi: zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, zango uku a shekara. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin nan yakan cinye rangwamen da ka samu a hayar gidan nesa, har ya ɗora.

Kana tafiya kana kallo. Sai an tsallaka kwalta? Idan garin mai babbar kasuwa ce, ka je ranar da take ci, kamar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ka ga yadda manyan motoci da shanu ke cika titin da ka gani fayau jiya. Ka lura da kududdufi a gefen hanya, yara ba sa wuce ruwa ba su taɓa ba. Ka lura da gidan kallon ƙwallo da majalisar samari. Idan hanyar ta ratsa gonaki, ka tuna cewa filin da kake hangen ƙarshensa da rani, a Agusta da Satumba gero da dawa sun fi mutum tsawo, yarinya ita kaɗai ba ta bin irin wannan wuri.

Na biyu, ka tambayi damina. Wannan ne ya taɓa cin ni. Na kama gida a watan Maris, ƙasa a bushe, makaranta ana hango ta daga soro. Tsakaninmu da ita akwai wani ɗan kwari da ban ɗauke shi komai ba. Da ruwa ya zauna sai kwarin ya cika har gwiwa, 'yata ta koma zagayawa ta bakin tasha, tafiyar da ta ninka ta da sau uku, wata rana ma ta haƙura ta zauna. Saboda haka ka duba gindin katanga: ruwa yakan bar zane mai duhu daidai inda ya tsaya. Buhunan ƙasa da aka jera a bakin ƙofa, ko dokin ƙofar da aka ɗaga fiye da kima, duk shaida ce. A garuruwan da ke kwarin kogin Haɗeja, irin su Auyo da Miga da Kafin Hausa da Ringim, ka tambaya kai tsaye inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2022. Dattawan unguwa za ka tambaya, dillali la'adarsa yake nema.

Na uku, ruwan sha. Mutane suna mantawa cewa a gidajenmu yaro ne ke ɗebo ruwa da safe. Idan famfon tuƙa-tuƙa yana da nisa ko layinsa dogo ne, to makara ta zama ta kullum, bulala kuma a bakin ƙofar makaranta, daga nan sai yaro ya fara ƙin zuwa. Ka je bakin famfon bayan asuba ka ƙirga jarkoki. Ka ji ko rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara, da nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka. Wutar lantarki kuwa kada ta ɗauke maka hankali, ƙaramar fitilar sola ta ishe shi bitar dare.

Na huɗu, Islamiyya. Yaro zai dawo da azahar, ya ci abinci, ya fita bayan la'asar. Idan boko tana gabas Islamiyya tana yamma, ɗaya za ta sha wuya. Ka nemi wadda zai dawo daga cikinta kafin magariba.

Sannan mutane. Ka je makarantar ka gaisa da shugabanta, ka tambayi malamai ko maigadi unguwar da ɗalibai suka fi fitowa. Yaran da ke tafiya a ayari suna tsaron juna, suna kuma tashin mai nauyin barci. Ka yi sallar magariba da isha'i a masallacin unguwar, ka ɗan zauna bayan an idar, ka ga ko yara suna watsewa gida ko suna ta gararamba har dare. Maiɗakinka ita ma ta shiga ta gaisa da matan maƙwabta, domin abin da za ta jiyo a tsakar gida ba za ka ji shi a zaure ba. In gidan haya ne na haɗaka, ta duba masai da wurin girki da yawan mutanen da za a raba su da su.

Idan hankalinka ya kwanta, ka je ka gaida mai unguwa ka gabatar da kanka, ka faɗa masa daga inda ka zo da makarantar da ɗanka yake. Kuɗin haya ka biya a gaban shaidu biyu, a rubuta adadi da ranar farawa da wanda gyaran rufi ke kansa. In da hali ka fara da wata shida, ka kuma tare mako ɗaya kafin a koma hutu, domin yaron ya san hanya ya kuma sami abokin tafiya.