Babi na Huɗu: Yadda Ake Tsabtace Tsohuwar Durowar Katako a Kawar da Warinta

Darasi na 1: Abin da ke kawo warin

Idan kuka buɗe aljihun tsohuwar durowa kuka ji wani wari mai nauyi ya bugi hancinku, to, yawanci fumfuna ce. Fumfuna tana yaɗuwa ne a wurin da ke da danshi kuma iska ba ta ratsa shi. Cikin aljihun durowa galibi ba a shafa masa fenti, saboda haka katakon yana tsotse laima, yana kuma riƙe wari. Wannan kaɗai nake so ku riƙe: danshi ne ya kawo warin, kuma sai an kori danshin warin zai tafi. Turare ba ya korar sa, rufe shi kawai yake yi na kwana biyu.

Darasi na 2: Fitar da aljihuna

Ku kwashe duk abin da ke ciki, har da tsohuwar takardar da aka shimfiɗa a ƙasan aljihun, ku zubar da ita. Sannan ku zaro aljihunan ɗaya bayan ɗaya. Kafin ku ajiye kowanne, ku juya shi ku rubuta lamba da fensir a ƙarƙashinsa: na sama 1, mai bi masa 2, haka har na ƙasa. Dalili shi ne, a tsohuwar durowa kowane aljihu ya saba da gurbinsa, idan aka musanya su sai su riƙa cijewa. Wanda hannunsa bai saba da rubuta lamba ba tukuna, kada ya damu, ya ja layi ɗaya, layi biyu, layi uku, ya wadatar.

Ku fita da aljihunan waje, ku rufe hanci da baki da ƙyalle, ku share ƙura da busasshen buroshi, musamman cikin kusurwoyi. Kada ku manta da cikin gangar jikin durowar, inda aljihunan suke shiga, domin can ma warin yana nan.

Darasi na 3: Gogewa

Ku auna kofi 1 na farin ruwan khal da kofi 1 na ruwa, ku haɗa a kwano. Ku tsoma tsumma mai tsabta, sannan ku matse shi. Ku sake matse shi. Idan kuka ɗaga tsumman kuka ga yana ɗiga, bai matsu ba tukuna. Da wannan tsumman za ku goge ciki da bayan aljihun, da gefunansa, da ƙarƙashinsa. Ba a zuba ruwa a cikin aljihu, ba a kuma wanke shi kamar kwanon abinci, domin katako zai kumbura, gam ɗin da ke riƙe da mahaɗarsa kuma ya saki.

Ga gargaɗi mai muhimmanci: kada ku kuskura ku haɗa ruwan khal da bilic, wato sinadarin nan da ake sa wa fararen tufafi don su yi fari. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba wadda ke illa ga huhu da idanu.

Darasi na 4: Busarwa

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke ɓata aikinsu, saboda haka za mu daɗe a kansa. Ku jingina aljihunan a tsaye, a inuwa, inda iska take kaɗawa, bakin kowanne a buɗe, kada ku ɗora wani a kan wani. Za ku iya sa su a rana ta ɗan lokaci da safe, amma kada su wuni cikin rana mai zafi, don katako yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ku bar su kwana 2 zuwa 3, idan kuma lokacin ruwan sama ne, su fi haka.

Na san za ku taɓa aljihun da yamma ku ji kamar ya bushe. Saman ne kawai ya bushe, cikin katakon bai bushe ba. Ku ɗora tafin hannu a ƙasan aljihun, ku bar shi ya ɗan jima a wurin. Idan kuka ji sanyi-sanyi, da sauran danshi. Ku duba kusurwoyi: idan launinsu ya fi na tsakiya duhu, da sauran danshi. Ku mayar da shi inuwa, ku ƙara masa kwana. Wannan ba abu ne mai wuya ba, haƙuri kawai yake so, kuma kowannenku zai iya.

Amma dole in faɗa muku gaskiya. Ana yin wannan bayani a aji, kowa ya gyaɗa kai, sannan mutum ya koma gida ya goge da safe, ya mayar da aljihun da azahar, ya cusa tufafi ya rufe. Bayan mako ɗaya sai ya dawo yana cewa, "Malam, maganin nan bai yi aiki ba." Yaya za a yi ya yi aiki, alhali an kulle ruwa a cikin duhu, an ba fumfuna abin da take nema? Wanda ba zai iya jiran kwana 3 ba, gara kada ya jiƙa katakon tun farko. Na sake faɗa: ba a mayar da aljihu sai ya bushe ƙarau.

Darasi na 5: Tsotse sauran warin

Bayan ya bushe, ku sa bekin soda a buɗaɗɗen kwano, ko 'yan gutsattsarin gawayi, a cikin kowane aljihu, ku rufe na mako ɗaya. Idan warin bai tafi ba, ku canza sabo. Idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a goge cikin da samfefa mai laushi, amma ban da wurin da ke da tsohon fenti, domin yana iya ƙunsar dalma, ƙurarta kuma guba ce. Irin wannan sai a kai wa kafinta.

Darasi na 6: Mayarwa

Ku goga kyandir a gefunan da aljihun yake zamewa a kai, ku mayar da kowanne bisa lambarsa. Ku janye durowar kaɗan daga bango, kuma kada ku sa tufafin da bai gama bushewa ba.