Yadda ake cire Windows na biyu daga tsohuwar laftof

Masu yawan tambaya kan laftof mai nuna Windows biyu idan an kunna ta, ga matakan. Galibi an ɗora sabo ne ba a goge tsohon ba.

1. Kwashe takardu da hotunanka zuwa filashi.
2. Shiga Windows ɗin da kake son riƙewa.
3. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta msconfig a akwatin da ya fito, danna OK.
4. Buɗe shafin Boot.
5. Zaɓi layin da ke ɗauke da Current OS, wato Windows ɗin da kake ciki yanzu, danna Set as default.
6. Zaɓi ɗayan layin, danna Delete, sannan OK.
7. Sake kunna laftof ɗin. Sai ta shiga kai tsaye za ka ci gaba.
8. Danna Windows da R, rubuta diskmgmt.msc, danna OK. Zai nuna maka ɓangarorin faifan ajiya na laftof ɗin.

Hattara, a nan ake ɓarna! Duk ɓangaren faifan da aka rubuta wa System, Active ko System Reserved, kar ka taɓa shi. A tsofaffin laftof, fayilolin tayar da na'ura sukan zauna a ɓangaren tsohon Windows. Ka goge shi, ba za ta tashi ba.

9. In babu waɗannan kalmomin a ɓangaren tsohon, danna shi da maɓallin dama na mouse, zaɓi Delete Volume.
10. Danna C:, wato ɓangaren Windows ɗin da ka riƙe, da maɓallin dama, zaɓi Extend Volume don ƙara masa filin da ka goge. Wannan yana aiki ne kawai idan filin yana maƙale da C: ta hannun dama.